Yadda muka gyara ramukan notin top silinda da suka cinye a blok ɗin Camry a Jidda

Noti goma ne kacal ke danne top silinda, wato kan injin, a kan blok ɗin injin 2AZ-FE, injin 2.4 ɗin nan mai fistin huɗu da ke cikin Camry tun daga ƙirar 2002 da kuma wasu RAV4 na wancan zamanin, kuma duk wutar da ke tashi cikin silinda waɗannan goman ne ke tare ta. Blok ɗin alminiyam ne, notin kuma ƙarfe ne. Ranar da haƙoran cikin ramin blok, waɗanda noti ke kamawa in an murɗa shi, suka saki, toh ko wane irin gasket ka sa ba zai zauna ba. A wannan gaɓar ce mutanenmu da yawa a nan Jidda da Makka suke asarar kuɗi, a canza gasket a biya, bayan ɗan lokaci mota ta koma shan ruwa, a sake canzawa, ƙarshe mutum ya gaji ya kai ta tashlihi, wato inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu, a saye ta a kuɗin ƙarfe alhali injin nan da sauran ransa. Shi yasa nake so in faɗi yadda tamu ta kasance daga farko har ƙarshe.

Motata Camry ce ƙirar 2005, na hannu na saye ta, ita nake zuwa aiki da ita, ita nake kai yara makaranta, kuma in ƴan uwa sun zo umra daga gida ita ce ke zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka. A cikin zafin bazara muna dawowa daga Makka wajajen Bahra tiyon ruwa na ƙasa ya fashe, kuma wanda ya san hanyar nan ya san ba ko'ina ake iya tsayawa ba, kafin in samu in ratse gefe allurar zafi ta riga ta shiga ja. Zafin Jidda ba abin wasa bane, a watan Yunin 2010 sai da aka auna digiri 52 a garin nan. An canza tiyo, an zuba ruwa, mota ta tashi lafiya lau har nace Alhamdulillah mun tsira. Ashe da sauran rina a kaba.

Sai ruwa ya fara raguwa a hankali, babu ɗigo a ƙasa, babu farin hayaƙi a salansa, bakin mai ma bai canza launi ba. In na tayar da ita da asuba sai in riƙa jin ƙarar ruwa na gudu ta bayan dashbod, ƙulu-ƙulu haka. In na kunna esi a cikin go-silo sai allura ta ɗan ɗaga. Garejin farko da na kai, bakaniken ko bonet bai gama buɗewa ba yace gasket ne, ka kawo kuɗi gobe ka ɗauki motarka. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, sai na wuce wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a harkar kanikanci a sana'iyya, unguwar garejoji, yanzu ma ba kowane aiki yake karɓa ba sai wanda ya ga dama. Tun da aka rushe unguwannin su Karantina da Sabil da Gulail tsakanin 2021 da 2022 mutanenmu suka warwatsu, kwastomominsa na da duk sun yi nisa, amma har yau in injin ya gagara shi ake nema.

Kawu bai ce min komai ba sai da injin ya huce. Ya buɗe murfin lagireto ya cika shi taf, yace tayar. Muna tsaye sai ga ƴan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Sannan ya ɗauki tocila da ɗan madubi ya zura ta bayan injin, ƙarƙashin manifol ɗin iska, gefen da ke kallon dashbod. Yace zo ka gani. Daidai layin da top ya haɗu da blok akwai busasshen ruwan lagireto ya yi fari-fari da ruwan hoda, ya bi jikin blok ya gangaro. Yace "ɗana, gasket kam ya tafi, amma abin tambaya shine me ya kashe shi. Kar ka sayi komai sai mun kwance notin nan da hannunmu mun ji."

Kafin ka kai ga notin top a injin nan akwai aiki. Sai an zubar da ruwa da bakin mai, an cire manifol na gaba da na baya, an saita fistin na ɗaya a sama, an cire tayimin cen da kamshaf guda biyun, domin kan notin a ƙarƙashinsu yake. Wannan duk kowane bakanike ya sani, ba sai na tsaya a kai ba. Inda nake so a lura shine lokacin kwance notin. Kawu ya hana yaransa taɓa bindigar iska, yace da doguwar sanda za a kwance, daga na gefe zuwa na tsakiya, kaɗan-kaɗan. Ya miƙa min sandar yace kai za ka kwance don ka ji da hannunka. Lafiyayyen noti sai ka sa ƙarfi sosai kafin ya yi ƙas ya saki. Bakwai haka suka yi. Uku na tsakiya a layin baya kuwa ina ɗora sanda suka juya salun-alun, babu ƙas babu komai. Da na zaro na farko sai naga wani siririn abu mai ƙyalli ya nannaɗe a jikin haƙoransa tun daga ƙasa, na sa farce na warware shi ya fito a murɗe kamar sifirin ɗin cikin biro. Wannan abin shine haƙoran blok ɗin gaba ɗaya, noti ya tumɓuko su ya fito da su. Na leƙa ramin da tocila, ciki sumul.

Gaskiya a lokacin jikina ya yi sanyi, don ni a sanina in blok ya lalace injin ya ƙare kenan. Kawu yace a'a, zauna in gaya maka. Alminiyam in ya ji zafi yana kumbura kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke kumbura. Top alminiyam, blok alminiyam, noti ƙarfe yana tsakiya, toh duk lokacin da injin ya yi zafi top na kumbura yana jan notin sama, in ya huce ya sake shi, kullum haka shekara da shekaru. A zafin da aka tsara wa injin wannan ba matsala bace. Amma in aka yi obahitin mai tsanani, jan ya wuce ƙa'ida, ga shi kuma alminiyam ɗin kansa zafin yana rage masa tauri, sai haƙoran su miƙa wuya. Gefen baya kuma shi ya fi riƙe zafi tunda iska ba ta ratsa shi sosai. Ya kuma nuna min alamar cewa an taɓa buɗe injin nan kafin in saya, akwai gam da aka lafta inda bai kamata ba, kuma kan wasu notin ya ɗan ciccije irin na bindigar iska. Waye ya yi, Allah masani, amma dai haƙoran sun riga sun sha wahala tun kafin ranar Bahra. Kuma ba Camry kaɗai ba, injin Northstar na Cadillac da wasu injinan BMW masu silinda shida da blok ɗin alminiyam duk an san su da irin wannan gyaran.

Daga nan shawarwari suka fara zuwa ta ko'ina, kun san sana'iyya, kowa ya wuce sai ya tofa. Wani yace a cika ramin da waldar argon a sake hudawa. Kawu yace ramin da ya yi zurfi haka ba za ka iya cika shi da walda tun daga gindi ba tare da ka bar kogo a ciki ba, kuma zafin waldar zai ƙara laushin wurin ya murɗe fuskar blok. Wani yace a zuba gam mai ƙarfe a ɗaure, wannan ko amsa bai ba shi ba. Wani yace a yanka sabon haƙori a sa noti mai kauri na wata motar. Wannan yana kamawa na ɗan lokaci, amma notin top an ƙera shi ne ya ɗan miƙe in an ɗaure shi, miƙewar nan ita ce ke danne gasket ko da zafi ko da sanyi, in ka sa uku masu kauri bakwai sirara toh dannawar ba za ta zo daidai ba. Ni kaina zuciyata ta fi karkata ga in je tashlihin Biriman in ɗauko injin na hannu a ɗora a huta. Sai Kawu yace "injin da za ka ɗauko shekarunsa ɗaya da naka, ka san zafin da ya sha? Naka kuwa ga fistin lafiya, ga silinda lafiya, ba ya shan mai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Wannan maganar ce ta tsayar da ni.

Saura zaɓi biyu, Helicoil ko insat. Kuma a nan ina so in yi adalci don naji wasu na zagin Helicoil kamar ba shi da amfani. Helicoil waya ce ta ƙarfe mara tsatsa da aka murɗa, kana faɗaɗa rami ka yanka haƙori ka murɗa ta ciki, kuma abu ne mai kyau a inda ya dace, har a jiragen sama ana amfani da shi. Matsalar ita ce wanda ake samu a shagunan kusa gajere ne. Notin injin nan M11 ne mai tazarar haƙori 1.5, Helicoil na gama-gari mai tsawon kauri ɗaya da rabi bai wuce milimita 16.5 ba, ga shi girman M11 ma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Sai kaga mutum ya sa gajere a can saman rami inda hannunsa ya kai, ko ya jera biyu ɗaya kan ɗaya. Haƙoran asali kuwa can ƙasa suke a cikin blok, da gangan aka yi su a zurfi don noti ya samu tsawon miƙewa kuma kada ƙarfin ɗaurin ya murɗe saman silinda. In ka dawo da su sama ka canza lissafin gaba ɗaya. Insat ɗin da muka zaɓa na Time-Sert ne, kamfanin Amurka, ɗan bututun ƙarfe ne guda mai haƙori ciki da waje, tsawonsa milimita 30, yana da ɗan baki a sama da ke zama a kan kafaɗar da aka yanka masa don kada ya zarce ƙasa. Ta intanet muka yi oda, kit ɗin ya zo da faranti na saiti, bushi, fin ɗin saiti, bakin diril mai mataki, taf na yanka haƙori, sandar murɗa insat, da gam ɗin kulle haƙori. Yana da tsada ba ƙarya, amma da shi da gasket da sabbin noti da kuɗin makharaɗa, wato wajen masu injin share fuskar ƙarfe, duka basu kai kuɗin injin tashlihi da ɗora shi ba.

Kafin kit ya iso muka kai top makharaɗa. Mai makharaɗar wani dattijo ne Bahaushen Sudan, ɗan Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa ras, sai dai Larabci na kutsowa nan da can. Na gaishe shi nace Baba ga top ɗinmu. Ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe ya riƙa zura fila gej, siririn ƙarfen auna tazara, ta ƙasa, a tsaye, a kwance, a karkace, ya nuna min inda ya ɗan banƙare a tsakiya. Ya toshe hanyoyin ruwa ya hura iska ya tsoma shi cikin ruwan zafi, babu kumfa, wato bai tsage ba. Ya share fuskar kaɗan, iya abin da zai miƙe. Da yaji abin da za mu yi wa blok sai ya kalli Kawu yace "ai Malam duka goman za ku yi ko?" Kawu yace nima abin da nake gaya masa kenan. Domin ni da farko uku nake so a yi, tunda su suka lalace. Hujjarsu ita ce sauran bakwai ɗin zafi ɗaya suka sha, kuma ana yawan ganin ramin da ya saki lafiya wajen kwancewa ya zo ya cinye wajen ɗaurewa, a juyin ƙarshe, lokacin da ka riga ka shimfiɗa sabon gasket. Duk wanda zai yi wannan aikin ina roƙonsa ya yi goman, kuɗin ƙarin insat bakwai bai kai kuɗin gasket ɗaya da za ka jefar ba.

Ana iya yin aikin injin na cikin mota, mutane na yi. Amma injin nan ya ɗan kwanta baya, layin bayan yana matse da jikin mota, diril ba ya samun tsayuwa sosai. Kawu yace a sauke shi. Muka sauke muka ɗora a kan tebur muka daidaita fuskarsa. Da sassafe muke farawa, da rana a dakata, ko ba don dokar hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 da ake sawa daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba, rumfar kwano a wannan lokacin hannu ma gumi yake yana santsi, kuma aikin nan ba ya son hannu mai santsi.

Abu na farko rufe komai. Muka goge fuskar blok tas, muka bi da salatif mai faɗi muka rufe silinda huɗun, ramukan ruwa, ramukan mai, gefen tayimin, aka bar ramukan noti kawai. Garin alminiyam da zai fito yana da yawa fiye da yadda kake zato, kuma ƙwaya ɗaya in ta shiga hanyar mai tana iya cin metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kai. Akwai wasu ƴan bushi guda biyu a fuskar blok da ke saita top, su ma sai an zare su a hankali a ajiye ko a sayi sabbi. Sannan Kawu ya auna zurfin ramin lafiyayye, daga fuska zuwa inda haƙori ya fara da kuma zuwa gindi, ya gwada da takardar kit ɗin, sannan ya ɗaure zoben tsayawa a jikin bakin diril. Ya auna ya sake aunawa. Yace in ya zarce ƙasa za ka iya huda hanyar ruwa ko ta mai, in bai kai ba insat zai zauna sama noti ya tokare kafin ya danne top.

Sai faranti. Ana ɗora shi a kan blok, a sa bushi daidai kan ramin da za a gyara, a zura fin ɗin saiti ya shiga cikin ramin, sannan a ɗaure farantin da noti a ramukan maƙwabta. In an gama ɗaurewa fin ɗin ya kamata ya fito da yatsa biyu ba tare da ya cije ba, in ya cije a sassauta a sake. Wannan farantin shine ran aikin. Rami mai zurfi haka in ka karkace ko da kaɗan a sama, a ƙasa ya zama babba, noti zai shiga a gicciye, kansa ba zai zauna daidai kan wosha ba, awon ɗaurin kuma ya zama ƙarya. Masu yi da ido ba faranti, wallahi caca suke da injin mutane.

Hudawar kanta Kawu ya yi na farko ina kallo, daga baya ya bar min wasu. Diril a hankali, ba gudu ba, a ɗiga mai, a shiga kaɗan a fito a hure garin, a sake shiga. Alminiyam yana da laushi, in ka matsa sai bakin ya cafke ya fizge hannunka, in kuma gari ya taru sai ya liƙe a jikin bakin ya ɓata bangon ramin. Haka har zoben tsayawa ya zauna kan bushi. Bakin nan mai mataki ne, yana faɗaɗa ramin yana kuma yanka kafaɗar da insat zai zauna a lokaci guda. Daga nan taf, shi kuma da hannu zalla, babu inji. A shafa mai, a juya gaba kaɗan a dawo baya don garin ya karye, in ya yi nauyi a fito da shi gaba ɗaya a wanke a hure ramin a koma. Akwai layi a jikinsa da ke nuna inda za ka tsaya. Wani abu da na lura da shi da hannuna, a ramukan baya ukun nan taf yana tafiya da sauƙi garin kuma yana fitowa dusa-dusa, a na gaba kuwa yana fitowa a murɗe yana ƙyalli kuma hannu na jin tauri. Kawu ya murza garin a tafinsa yace kaga abin da zafi ya yi. Ya ƙara da cewa in da garin ya fito baƙi yana rugurgujewa har bayan an faɗaɗa, toh wannan insat ɗin ba zai wadatar ba sai mai kauri fiye da shi. Namu dai mun samu lafiyayyen nama a ciki.

Wankewa ita ce wurin da mutane ke gajiya su yi ha'inci. Feshin wanke birki a cikin rami, sannan iskar kwamfaresa da dogon siririn bututu da ke kaiwa gindi, a rufe baki da tsumma saboda ido, a maimaita har tsumma ya fito fari kuma ramin ya bushe ƙayau. Dalili biyu ne. Gam ɗin kulle haƙori ba ya kama wuri mai maiƙo. Sannan ramukan nan ba su da mafita ta ƙasa, in ruwa ko mai ya kwanta a gindi ka ɗaure noti a kansa, ruwa ba ya matsuwa, ko dai sifanar awo ta gaya maka ya ɗauru alhali bai ɗauru ba, ko blok ya tsage.

Sa insat ɗin shine ya fi daɗi. A ɗiga mai a sandar murɗawa, a murɗa insat a jikinta, a shafa gam kaɗan a haƙoran waje na ƙasa, a zura a murɗa. Da farko yana tafiya sumul har bakinsa ya zauna kan kafaɗa. Sai kaji ya yi tauri, a nan wanda bai sani ba zai tsaya, alhali ci gaba ake yi. Haƙoran ƙarshe na cikin insat ba a gama yanka su ba, sandar ce ke ƙarasa su tana wucewa, tana buɗa gindin insat ɗin ya cije a jikin blok. Kana ci gaba sai kaji ya saki ya yi sauƙi, layin jikin sandar ya zo daidai, shikenan ya kulle. A warware sandar a matsa faranti zuwa rami na gaba. Da muka gama goman Kawu ya ɗauki sabon noti ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsu kawai, kowanne ya shiga har ƙasa ba cijewa, ya auna tsayin da kowanne ya rage a sama, duka daidai.

Wajen haɗawa babu tsohon noti ko ɗaya da ya koma. Irin notin nan an riga an ja shi ya miƙe, akwai awon da ake yi a ga ko zai sake aiki, amma bayan obahitin irin wannan araha ba ta ado. Muka mayar da bushin saiti, gasket na asali a bushe ba gam, aka saukar da top mutum biyu a hankali don kada gefensa ya karce gasket. Mai kaɗan a haƙoran noti da ƙarƙashin kansa, ba tsoma shi ake ba. Ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye a hankali ana ƙarawa har sifanar awo ta kai abin da littafin motar ya faɗa, a ƙirar tawa wajen 79 ne a ma'aunin Nm, kowa ya duba na shekarar motarsa don akwai bambanci. Sannan aka ɗiga fenti a gaban kan kowane noti, aka ƙara wa kowanne juyi digiri 90 a bin tsari ɗaya. Wannan juyin shine gwajin gaskiya, don a nan ne haƙori mara lafiya ke sakin jiki, sanda ta yi laushi a hannunka. Da aka zo ukun baya Kawu ya miƙa min sandar yace bismillah. Na ja, nauyin na ƙaruwa har fenti ya kalli gefe, bai saki ba. Duka goman fenti ya kalli gefe ɗaya. Kawu yace Alhamdulillah, a kawo shayi.

Sauran haɗawa ba wani labari, tayimin cen a kan alamominsa, a juya injin da hannu zagaye biyu a tabbatar babu inda ya tokare kafin a taɓa makulli. Amma na canza tamostat da murfin lagireto da sauran tiyo, aka kai lagireto aka wanke. A nan ma sai da aka ce min in cire tamostat gaba ɗaya wai ƙasar zafi ce. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, shi ke riƙe injin a zafin da aka tsara masa, wajen digiri 82 yake fara buɗewa, in lagireto da fanka lafiyarsu ƙalau ba shi ne zai sa maka obahitin ba. Haka zuba ruwan famfo zalla, yana cin alminiyam ta ciki yana toshe lagireto, ruwan lagireto na gaskiya muka zuba, muka kunna hita aka bar injin na aiki murfi a buɗe har iska ta gama fita fanka ta tashi ta tsaya. Kumfar nan ta ranar farko babu ita.

Na ɗan yi yawo da ita cikin gari tukuna ina duba ruwa kowace safiya kafin in tayar, bai motsa daga layinsa ba. Muka zubar da bakin man farko da wuri muka canza filta, Kawu ya tace man a farin tsumma yana neman ƙyalli bai samu ba. Sannan na ɗauki iyali muka hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if, hawan da ke kai ka kusan mita 2000 sama da teku, mota cike esi a kunne, wanda duk direban yankin nan ya san in injin na da ɓoyayyen ciwo a nan yake tonuwa. Allura ta tsaya ƙasa da rabi tun daga gindin dutse har sama. Da muka dawo na zura madubi ta bayan manifol, wurin a bushe.

Kit ɗin yana wajen Kawu yanzu, faranti da diril da taf ba sa ƙarewa a aiki ɗaya, insat da gam kawai ake sake saye, don haka wanda zai yi bayana kuɗinsa zai sauko sosai. In mutum uku ko huɗu masu irin motar suka haɗa kuɗi suka sayi kit ɗaya ma ya ishe su. Sai dai kafin a yi oda a zaro noti ɗaya a auna kaurinsa da tazarar haƙorinsa da zurfin ramin, don ba duk injin ke amfani da M11 ba, na BMW ɗin da na ambata M10 ne, kuma kit ɗin wani ba ya yi wa wani. Yanzu haka akwai RAV4 ta wani ɗan uwanmu daga Makka a rumfar, an riga an canza mata gasket a wani wuri ruwa bai daina raguwa ba, ranar Asabar in Allah ya kai mu za a kwance notinta a ji.